Daminar da Hausa Ta Ɓace wa Anti Haru

Na daɗe ina so in rubuta wannan, jiki na hana ni. Yanzu da Allah ya sa muka ga bayan abin, gara in faɗa, ko wani ya ga irin alamun da muka gani a gidansa ya tashi tsaye da wuri, kada ya tsaya dariya irin tamu.

Sunana Rabi. A Kwarbai aka haife ni, cikin birnin Zariya, nan kuma na dawo da zama bayan rasuwar maigidana. Ɗinkin hula nake yi. Wadda na yi jinya matar yayana ce, marigayi Yaya Bashir, wanda ya je Japan karatun noman shinkafa ya dawo mana da digiri da mata. Iyayenta sun sa mata Haruko, da ta musulunta aka kira ta Maryam, amma duk unguwa Anti Haru ake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Ranar da ta iso yara suka cika zaure suna leƙen 'yar Caina. Ba a jima ba ta iya Hausa, ta iya tuƙin tuwo, ta iya taya kaya a kasuwa har mai kaya ya ce ta ji tsoron Allah. Da Yaya ya rasu kowa ya ɗauka za ta haɗa kayanta. Ta gama takaba, ta hau soronta, ta ɗauki alƙalami.

Sana'arta zanen labari, abin da su a can suke kira manga. Takan raba farar takarda gida-gida kamar fadama, ta zuba mutane a ciki masu manyan idanu, maganarsu na fitowa daga baki cikin wani abu kamar ƙwai. Daga dama ake buɗe littafin, irin na Larabci, wannan ya sa mahaifinmu ya ce ashe mutanen nan suna da hankali. Labaran gidanmu take zanawa: dillaliya, mai ruwa, akuyar da ta cinye wa wani malami takarda. Idan ta gama sai ta aika wa wata mujalla a Tokyo. Ba ma iya karanta rubutun, amma muna gane kowa.

Abin ya fara ne da saukar ruwan fari. Ciwon kai, ta nan ƙeya. Sai ta tamke kan da ɗankwali ta ci gaba da aiki, wai mujalla na jiran shafuka. Dama ba ta san hutu ba, ga son gishiri, ga baƙin shayi kofi bayan kofi. Wata safiya muna karyawa, kofi ya suɓuce mata. Ta tsaya tana kallon hannunta na dama kamar na wani.

"Rabi-can," ta ce, haka take kirana, wai a yarensu ƙauna ce, "hannuna ya yi barci."

Na ce, "To ki tashe shi mana, Anti." Muka yi dariya.

Mako na zagayowa, tana ciniki da mai nono a tsakar gida, harshenta ya yi nauyi kamar ta cika baki da gari. Kafin a gama auna nonon harshen ya sake. Na aika kemis aka sayo maganin ciwon kai. Babu wanda ya ce a je a auna jininta. Daga baya wata likita ta gaya mini maganar da ba zan manta ba. Ta ce, "Hajiya, ciwon nan ya yi muku sallama har sau biyu, ba ku amsa ba, sai ya shigo da kansa."

Ranar da ya shigo, bayan azahar ne, hadari ya haɗo daga gabas. Na hau soro in ce mata ta rufe taga. Na same ta kife a kan tebur, kuncinta a kan takarda, kwalbar tawada ta kife, baƙin yana malala a hankali yana haɗiye lungun da ta zana. Idonta biyu. Bakinta ya karkace gefe guda. Na kira ta, ta dube ni kamar tana kallona daga ƙasan rijiya.

Ihuna ya tara mutane. Inna Dije, ƙanwar mahaifiyarmu, ta hawo da sandarta tana haki.

"Iska ce," in ji ta. "Na sha faɗa. Mutum ya zauna shi kaɗai a soro yana ƙera fuskoki, ga rimi a bakin taga. A kawo garwashi."

Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafa mata tafarnuwa. Ban raina addu'a ba, har gobe da ita muke tsaye, amma da mun yi ta a kan hanya. Sai da na kira Safiya, 'yarta tilo da ke aiki a Japan, na juya mata wayar ta ga fuskar uwarta. Ban taɓa jin yarinyar nan ta ɗaga mini murya ba sai ran nan.

"Gwaggo, asibiti! Don Allah yanzu, kada ku jira kowa!"

Mota ba ta shiga lungunmu. Mazan maƙwabta suka ɗauke ta a kan katifa, ruwa na zuba, wasu na riƙe da tabarma a samanta, har bakin titi. Allah ya saka musu. A wani ƙaramin asibiti a Gyallesu nas ta auna jininta, ta sake aunawa, ta dube ni, ta ce mu wuce babban asibiti kada mu tsaya. A can kuwa muka tarar da layin kati, da layin biya, ga babu gado. Ta kwanta a kan gadon turawa a baranda, feshin ruwa na taɓa ƙafarta. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ce a yi, wai injin ya lalace, sai washegari muka ɗauke ta zuwa wani wuri cikin gari muka dawo da ita. Wannan wahalar har yanzu tana ci mini rai. Amma a wannan barandar ce likitar da na ambata ta tsuguna, yarinya ce sa'ar Safiya, ta tashi daga aiki jakarta na rataye, ta ajiye jakar, ba ta tafi ba sai da aka samo gado. Ta ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Makon farko barci ta yi ta yi. Ina zaune ina kallon ƙarin ruwa na ɗiga, ina juya ta kamar yadda aka koya mini don kada bayanta ya yi gyambo, ina goge mata baki da tsumma mai ɗumi. Hular da na zo da ita ko zare ɗaya ban saka mata ba.

Ranar da ta farka sosai, ta kama hannuna da na hagu ta yi magana. Magana mai tsawo, mai laushi, tana kallon idona. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

"Anti, me kika ce? Ruwa?"

Ta sake faɗa. Ta ga ban gane ba. Ta buɗe baki tana neman wata kalma, na ga tana lalube kamar mai neman ashana a ɗaki mai duhu, ba ta samu ba. Hawaye ya gangaro ta idon da ke ɓarin lafiya. Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, sai yaren da ta sha a nono. Likita ta ce yakan faru, kuma tana jin yawancin abin da muke faɗa, fitarwar ce ta gagara. Ta ce mu yi ta yi mata hira, kada mu gaji.

Daga nan Safiya ta zama bakinmu. Idan hantsi ya yi a nan, can ta tashi daga aiki, sai in jingina wayar da kwanon sha, uwar ta yi ta magana, 'yar na juya mini. Da farko buƙatu ne: filo ya yi tsayi, ƙafa na ƙaiƙayi. Amma a mako na biyu sai maganar ta koma wani wuri. Takan lumshe ido, ruwa na buga kwanon rufi, ta tafi.

"Gwaggo, tana cewa garinsu a bakin teku yake, can arewa. Babanta masunci ne. Wai dusar ƙanƙara kan rufe ƙofa, sai ta taga ake fita. Ba su da takarda, a kan tururin gilashin taga ta fara zane da yatsa, kafin ta gama fuska kan ya narke."

Shekaru nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya da matar nan, ban taɓa jin wannan ba. Ban tambaya ba ne, ita kuma ba ta faɗa ba.

Kullum sai a ɗora daga inda aka tsaya. Yadda ta gama sakandare ta hau jirgin ƙasa zuwa Tokyo da jakar zane, babanta ya ƙi raka ta tasha, amma ta hango shi daga taga a tsaye a bakin ruwa ya cire hula. Yadda ta yi aiki a ƙarƙashin wata babbar mai zane, su 'yan mata a ɗaki ɗaya, a ƙarƙashin tebur suke kwana. Ba a ba ta fuska ta zana, sai bango da taga da ruwan sama. Wai ta yi shekaru tana zana ruwan sama kawai, har ta san irinsa kala-kala: na fushi, na bankwana, na wanda ke jiran wani. Yadda ta yi ta kai labarinta ana dawo mata da shi, har ranar da wata mujallar 'yan mata ta karɓa, labarin wata yarinya mai kiwon tantabaru a saman bene. Ta sayi mujallar, ta shiga jirgin ƙasa, ta zauna kusa da wata ɗaliba da ke karanta labarin, ta wuce tasharta don ta ga ko yarinyar za ta yi dariya a inda ya kamata.

"Ta yi?" na tambaya.

Safiya ta tambaye ta. Anti ta yi murmushi da rabin baki. "Ta ce kuka ta yi, Gwaggo."

Labarin ya karɓu, aka ce kowane mako sai ta kawo sabo. Ta yi suna, ta yi kuɗi, ta daina ganin rana. Wata rana ta miƙe daga tebur ta faɗi. A wurin shan iska na asibitin da aka kwantar da ita ta ga wani dogon baƙin mutum, ya zo duba abokinsa, ya shimfiɗa jarida a kan ciyawa yana sallah. Ta zana shi a bayan takardar magani. Da ya sallame ya zo ya leƙa, ya ce da yarensu, irin na ɗan koyo, ai ta rage masa tsawo. Yaya Bashir ke nan.

Matan ɗakin suka riƙa matsowa idan an fara, masu jinya da marasa lafiyar da ke iya tashi. Mai shara ma takan jingina tsintsiya. Ni kuwa, rashin barci da zafin rana suka sa na riƙa zama tsakanin farke da mafarki. Wani yammaci na gyangyaɗa a kujera, na ga dusar ƙanƙara na sauka a kan ganuwa, fara fat kamar audugar rimi, ta rufe Ƙofar Galadima, ga teku a inda kududdufin bayan gidanmu yake, Yaya na tsaye a cikin kwalekwale da babbar riga. Na farka na ji sanyi a tafin ƙafata.

Idan waya ba ta shiga ba, sai mu koma kurame. Ran nan ta yi ta nuna aljihun wata nas har aka gane biro take so. Aka ba ta, da bayan kwalin magani. Hannun hagu bai taɓa riƙe alƙalami ba. Layin ya yi ta rawa kamar tafiyar tsutsa, ta yi tsaki, ta jefar. Na ɗauko na mayar mata. Ta sake jefarwa. Na sake ɗaukowa. A karo na gaba ta zana wani abu mai kama da ƙwarya da ludayi.

"Koko?"

Ta gyaɗa kai da ƙarfi. Ɗakin ya ɗauki shewa kamar an yi haihuwa.

A gadon kusa da mu akwai wata tsohuwa daga ƙauye, Iya muke ce mata, ciwonta ya fi na Anti tsanani. Anti ta yi ta kallonta kwana da kwanaki tana jan biro a hankali. Ranar da Iya ta cika, Allah ya ji ƙanta, ɗanta na naɗe tabarma, Anti ta miƙa masa kwalin. Layukan a karkace suke, amma Iya ce, har yadda take tura ɗankwali gaban goshi. Mutumin ya tsuguna a wurin. Ya ce tsohuwarsa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba.

Da aka sallame mu, wata wahalar ta fara. Soro ya gagara hawa, muka dawo da ita ɗakina. Wanka, bayan gida, juyi, duk a kaina, bayana har yau bai koma daidai ba. Zuwa wurin masu gashin ƙashi a asibiti kuwa, a ɗauke ta a kujera zuwa titi, a yi layi tun safe, wani lokaci a ce mai yi bai zo ba. Magani ya ci 'yan kunnena da keken ɗinkin da na gada, ban kuma gaya wa Safiya ba sai da ta gani da idonta. Masu dubiya kowa da nasa: wannan man damo, wancan sassaƙe, wata ta ce a daina ƙwayoyin asibiti tunda an dawo gida, suna kashe ƙoda. Wannan kam na ƙi. Wanda ya ba ni rubutu na karɓa na gode, amma ƙwayar hawan jini ba ta tsallake rana ba. Inna Dije, duk da maganar iskarta, ita ce ke zuwa kowace safiya ta zauna tana murza wa Anti yatsun dama da man kaɗanya, ɗaya bayan ɗaya, tana yi mata labarin mutanen da.

Wajen tsakiyar damina Safiya ta iso. Ta kwana biyu tana kallon yadda muke fama, sannan ta same ni a madafa.

"Gwaggo, ina so in tafi da ita. A can akwai wurin da za a koya mata tafiya da magana. Kuma ko ba komai, za ta buɗe baki a gane ta."

Na ci gaba da fifita wuta. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce, "Ki tambaye ta. Ba kaya ba ce."

A gabana ta tambaye ta. A raina na sa za ta girgiza kai. Anti ta daɗe tana kallon tsakar gida, ruwan indararo na zuba a baho. Sannan ta yi magana gajeriya.

"Ta ce tana so ta ga teku."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na tashi na shiga ɗaki na haɗa mata kaya. Na saka mata kuka da daddawa a ƙasan jaka, ina kuka ina jin haushin kaina. Ranar tafiya ta riƙe mayafina a bakin mota ta yi ta motsa baki, kalmar ba ta zo ba. Direba ya ce rana na yi.

Gidan ya yi mini faɗi. Na hau soro na goge tawadar da ta bushe a tebur, na rufe taga. Damina ta wuce, aka yi girbi. Safiya kan kira ni ta nuna mini ita tana takawa tsakanin ƙarafa biyu, wasu mata masu fararen kaya na tafa mata. Safiya ta kai ta garinsu, ta ga teku. Wai gidansu babu shi, an yi wurin ajiye motoci, kuma ba ta sami wanda ya san babanta ba sai wata tsohuwa da ba ta ji sosai.

Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara, na ji Safiya na dariya da kuka a haɗe.

"Gwaggo, daga asibiti aka kira ni. Wai Mama ta rikice, tana wani yare da ba su sani ba, tun safe take nanata abu ɗaya. Na je a guje. Kin san me take ce musu?"

Sai ga fuskar Anti ta cika wayar, ta rame, gashinta ya yi fari. Bayanta taga ce, wani farin abu na sauka a hankali. Ta haɗe gira, ta tattaro ƙarfinta.

"Rabi-can. Abincin nan... babu... yaji."

Na zauna a ƙasa a tsakar gida na yi ta dariya har Inna Dije ta leƙo ta ga ko lafiya.

Daga ranar kalmomin suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, kamar tantabaru da magariba. Wasu ba su dawo ba har yau. Kafin wata daminar ta ce a mayar da ita gida, da Safiya ta ce ai Japan ce gida, ta ce a'a, ta ga tekun, ya isa.

Yanzu tana nan tare da ni. Tana tafiya da sanda, tana jan ƙafa. Hannun dama bai tashi ba, yana kwance a cinyarta. Mun sauko da teburin ƙasa, muka sa shi a rumfa. Ta rubuta wa matar da ke kula da aikinta a mujalla cewa ta gama, hannunta ya mutu. Matar ta ce ta aiko da na hagun ta gani. Da ta gani ta ce kada ta gyara rawar layin, haka take so. Shafin da a da take gamawa a yini yanzu yakan ci mako, ni nake riƙe mata takarda, wani lokaci in cike mata baƙi inda ta nuna, tunda hannuna ya saba da zare.

Abin da zan roƙi mai karatu kaɗan ne. Idan hannu ya mutu ko da na ɗan lokaci ne, ko harshe ya yi nauyi, ko baki ya karkace, a tafi asibiti a lokacin, a yi addu'ar a mota. A riƙa auna jini ko ana jin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don wani ya ce.

Kwanan baya sabon littafinta ya iso, labarin jinyar nan ne. Muka zauna a rumfa bayan la'asar tana buɗe mini. Ga katifa a cikin ruwan sama, ga likita da jakarta a ƙasa, ga Iya. Sai ta tsaya a wani shafi da ba ta bari na gani ba lokacin da take yinsa. Babu gida-gida, babu rubutu, hoto ɗaya ne ya cika shi. Wata mata ce a kujerar asibiti, barci ya sace ta, baki a buɗe, mayafi ya zame, hannunta ɗaya na riƙe da ƙafar mara lafiya. Na daɗe ina kallo kafin na gane ta.

Na ce, "Anti, haka na tsufa? Kuma wannan hancin fa?"

Ta karɓi littafin ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa.

"Na rage," ta ce.